Kafin a ɗaga gaban babur, a ɗauko rula

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in yi magana da 'yan kabu-kabu da 'yan uwana masu gyaran babura a nan Maradi da kewaye, a kan wani aiki da ya zama yayi, wato ƙara wa gaban babur tsawo. Mai babur zai shigo gareji ya ce gaban ya zauna, ko yana bugawa in ya faɗa rami, ko kuma kawai ya ga na abokinsa ya fi nasa tashi. Kafin ya rufe baki an kwance murfin sama, an cusa guntun bututu, an tsiyaya baƙin mai, an ce masa ya hau ya ji. Babu wanda ya ɗauko rula. Alhali duk aikin gaban babur, tun daga canjin mai har zuwa ɗagawa, aikin awo ne, kuma awon bai wuce minti 10 ba.

Amortisan gaba, wanda 'yan uwanmu na Jibiya da Katsina ke ce wa shakazoba, kusan ƙira ɗaya ce a baburan da suka cika garin nan, su Kasea da Haojue da Boxer da sauran masu injin 100 zuwa 150. Ƙafa biyu ne, kowace da sanda mai ƙyalli da ke shiga cikin kube na alminiyum. A ciki akwai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, da wani siririn bututu mai 'yan huji wanda aka ɗaure a gindin kuben da notin alanki, sai mai. A bakin kuben akwai roba biyu, ta sama mai hana ƙura, ta ƙasa mai tsare mai, wadda wasu ke kira juwan, wasu sil. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi ne ke yanke inda babur zai tsaya in an hau. Aikin mai shi ne ya bi ta hujin nan da ƙyar, don ya rage saurin nutsewa da saurin dawowa. Saboda haka ko man ya kai kaurin kunu, gaban da ya zauna ba zai tashi ba.

Ga yadda ake awon. A yanko zaren roba daga tsohon tub, a ɗaura shi a jikin sanda ɗaya. In akwai rigar roba mai lanƙwasa da ta rufe sandar, a ɗage ta sama tukuna. Mai babur ya hau yadda ya saba hawa, wani ya riƙe masa baya, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan matakai, kada ya taɓa birki. In ya natsu, a tura zaren ƙasa har ya taɓa robar ƙura. Ya sauka a hankali ba tare da ya danna kai ba. Sai a ɗora babur a kan sitan na tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, a auna tazarar da ta buɗe tsakanin zaren da robar. Wannan ita ce nutsewar zama.

Irin waɗannan ƙafafun tafiyarsu duka-duka, wato iyakar nutsewar da sanda ke iya yi cikin kube, milimita 110 zuwa 130 ce. Nutsewar zama ta dace ta ci kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tafiyar, wato wajen milimita 30 zuwa 40. In rula ta nuna 55 ko 60, rabin tafiyar ya ƙare tun babur bai motsa ba, rami kaɗan zai sa ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. In ta nuna 15, an matse sifirin fiye da kima. Tayar ba ta da sararin miƙewa ta bi rami, sai ta riƙa barin ƙasa, ana jin "ƙwas" duk lokacin da ƙafar ta miƙe har ƙarshe.

Kada a cire zaren nan. A bar shi mutum ya yini yana aikinsa, ya bi kwalta, ya bi gargada, ya hau tudun rage gudu, ya taka birki sosai sau biyu ko uku. Da yamma zaren zai nuna iyakar inda ƙafar ta kai. In zama ya yi daidai amma zaren ya haye har ƙarshen tafiya, laifin na mai ne, ko ya ragu ko ya mutu. In zama ya yi yawa, na sifirin ne. Akwai kuma awo na uku da ke tona asirin sandar da ta lanƙwashe: mutum na bisa, a danna gaban ƙasa a sake shi a hankali, a auna sandar da ta rage a waje, a ɗaga shi sama a sake shi a hankali, a sake aunawa. Bambancin da ya haura milimita 15 yana nufin ƙafar tana cijewa, ko sanda ta karkace, ko an ɗaure tayar a murɗe.

Kafin a buɗe komai, sai an duba waɗansu abubuwan da ake zargi tukuna. Boris ɗin wuya in ya saki, ƙararsa daidai take da ta amortisa mai bugawa. Taya na sama, a kama ƙafafun biyu daga ƙasa a ja gaba a tura baya. In an ji motsi, wuya ne. A juya kan hagu da dama, in yana ɗan maƙalewa a tsakiya, ƙwallayen sun ci gurbi, sai canji. Iskar taya ma haka. Galibin baburan nan suna son wajen 25 a ma'aunin masu faci a tayar gaba, amma sau nawa ake bugawa har 40 da sunan kada ta yi saurin faci? Tayar da ta yi tauri kamar dutse, babu amortisan da zai ɓoye ta.

Babban abin kuwa shi ne kaya. Ranar Litinin ko Juma'a, a tsaya bakin kasuwa a ga abin da ake ɗora wa babur ɗaya: buhun gero biyu a kan kariya, mai buhun kuma a bisa. Duk nauyin ya koma bayan tayar baya, baya ya durƙusa, gaba ya yi sama ya zama kamar takarda. Direban zai ce kan yana rawa, gaban ba ya riƙe hanya. In aka biye masa aka ƙara wa gaba tsawo, an yi gyaran gangar Abzinawa. Maganinsa yana baya. Amortisan baya yawancinsu suna da zobe mai matakala biyar a gindin sifirin. A murɗa shi zuwa na huɗu ko na biyar, dukansu biyu a mataki ɗaya, a kuma jawo kayan gaba yadda nauyin zai hau kan tayar baya maimakon ya rataya a bayanta.

Yanzu mai. Wanda ya taɓa juye man ƙafar da ta shekara uku ba a buɗe ba ya san abin da ke fitowa: ruwa-ruwa mai launin toka, da wari kamar na kwatami, da ƙyalƙyalin garin alminiyum a ciki, wani lokaci ma bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Da zafin bazara da ke haura digiri 40 a nan, da ƙurar hunturu, da ruwan damina da ake kutsawa, shawarata ga mai kabu-kabu ita ce ya canja sau ɗaya a shekara, bayan damina ta ɗauke.

Tsarin aikin yana da muhimmanci. A sassauta murfin sama tun ƙafar tana ɗaure a jikin babur, domin in an cire ta babu abin riƙe sandar, sai a koma matse ta da filaya a ɓata ƙyallin. In ƙarfen wuya na sama, wato wanda ke riƙe kan sandunan biyu a wuyan babur, yana da notin matsewa a gefe, shi ake fara saki, sannan murfin. Notin alanki na gindi kuma, in za a rarraba ƙafar, a buge shi tun sifirin yana ciki yana danne bututun, in ba haka ba zai yi ta juyawa tare da bututun har rana ta faɗi. A cire murfin ana danne shi da tafin hannu, fuska a gefe, don sifirin yana iya harbo shi. A lura da yadda sifirin ya fito, musamman mai matsattsun zobba a gefe ɗaya, a mayar da shi yadda aka same shi. A kifa ƙafar, a yi ta tura sandar ciki da waje har mai ya daina ɗiga, a ɗauraye da kananzir, a bar ta ta tsane sarai.

Wane mai? Man amortisa mai lamba 10W shi ne na yau da kullum. Mai yawan ɗaukar kaya ko mai nauyin jiki zai iya hawa 15W. In babu, jan man giya na motoci masu canja giya da kansu, wanda aka rubuta ATF a jikin galan, ya fi kowane man inji dacewa, har akwai tsofaffin baburan Honda da shi littafinsu ya ce a zuba. Man inji mai lamba 40 ko 20W-50 ya yi kauri ga hujin nan. A hanya mai gargada irin ta jar ƙasa, ƙafar ba ta gama dawowa daga bugu na farko ba na biyu ya iso, sai ta riƙa tattarewa ƙasa, hannu ya ɗauki duk dukan. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, garin ƙarfen da ke cikinsa samfefa ne ga sil. Wani abin lura kuma: 10W na wannan kamfani ba lallai ya yi kauri ɗaya da 10W na wancan ba, don haka in an dace da ɗaya a zauna a kansa.

Yawan man ya bambanta ƙwarai. Akwai ƙafar da ba ta shan mililita 100, akwai mai shan sama da 150, saboda haka zancen "kofi ɗaya kowace ƙafa" ba awo ba ne. A bi adadin da ke littafin babur, a auna da sirinji. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne auna tsayin man: sifirin a waje, sanda a nutse har ƙasa, ƙafar a tsaye cak, bayan an tura sandar sama da ƙasa kamar sau 10 don iska ta fita, an kuma jira minti 5. A sa rula daga bakin sanda zuwa fuskar mai. Ƙafa biyun su zo ɗaya, kada bambanci ya wuce milimita 2. In ɗaya ta yi yawa, a sa wa sirinji guntun tiyon ƙarin ruwa na asibiti, a yanke shi daidai tsawon da ake so, a zuƙe rarar.

A nan ne dabarar da ta fi arha take. Iskar da ta rage a saman mai ita ma sifirin ce, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa ne a ƙarshen nutsewa. Babur ɗin da zamansa ya yi daidai amma yana bugawa a babban rami, a ƙara masa tsayin mai da milimita 10 a kowace ƙafa. A siririyar sanda irin tamu wannan bai wuce cokalin shayi ɗaya ba, mililita 4 zuwa 5. A gwada, a duba zare. Za a iya ƙarawa sau ɗaya kuma, daga nan a tsaya. In aka cika, mai ba ya matsuwa, ƙafar za ta ƙi kaiwa ƙarshe, matsin kuma ya fita ta wurin sil.

Zoben baƙar ƙura mai maiƙo da ake gani a jikin sanda alama ce sil ya fara yoyo. Wani lokaci ƙwayar yashi ce kawai ta maƙale a leɓensa. A ɗaga robar ƙura, a yanko siririn falle daga gorar roba, a zura shi a zagaya a fito da dattin. In bai tsaya ba, a shafa farce a jikin sandar. Duk ƙurjin tsatsa da farce ya ji zai yanka sabon sil cikin 'yan kwanaki, sai a lallashe shi da samfefa mai lamba 1000 ko 1200 da ɗan mai. Wajen sa sabo, a rufe bakin sandar da leda, rubutun sil yana kallon sama, a buga shi da guntun bututun roba na famfo, ban da sukudireba, a tabbata zoben waya mai riƙe shi ya faɗa gurbinsa. Masu faifan birki su fi kowa kula, don man da ya gangaro kan faifai ya kashe birki. Rigar robar nan da samari ke yankewa don sanda ta yi ƙyalli, ita ce ke kare ta daga yashinmu. Masu wanki da injin feshi kuma su daina saita ruwa a bakin sil.

Sandar da ake zargi, a mirgina ta a kan gilashi. Littattafan gyara da yawa ba su yarda karkata ta wuce milimita 0.2 ba, abin da ido ba ya gani sai an mirgina. Wadda ta yi ƙwarya ko ƙyallinta ya tsage a inda ta lanƙwashe, ta gama aiki, ko an miƙe ta a nan za ta karye.

Sifirin kuma a jera biyun a kan tebur a auna, a gwada da iyakar da littafi ya bayar. Wanda ya gajarce a canja su duka biyu. Ja da hannu ko gasawa a wuta ba ya dawo da shi. In sifirin lafiya lau ne, zama ne kawai ya ɗan zarce, a nan guntun bututu ke da amfani, amma da awo: nutsewa ta nuna 50 ana son 38, a yanka milimita 12, biyu daidai wa daida, bakinsu a miƙe, a sa washa tsakaninsa da sifirin. Wannan yana ɗaga inda babur ke zama, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. In sai an sa fiye da 20 kafin awo ya zo, sifirin ya yi wa nauyin laushi, a nemi mai kauri. Cusa milimita 40 ko 50 yana sa zobban su haɗe tun ƙafar ba ta kai ƙarshe ba.

To, sai ainihin ɗagawa. Wuyan babur a karkace yake, wajen digiri 25 zuwa 28 daga tsaye. In aka ja layi daga wuyan zuwa ƙasa, zai sauka gaba kaɗan da inda taya ke taɓa ƙasa, tazarar milimita 70 zuwa 100. Wannan 'yar tazara ita ke sa kan babur ya koma tsakiya da kansa. Ƙara wa ƙafa milimita 25 yana ɗaga gaba da wajen 22, ya kwantar da wuya da kusan digiri ɗaya a babur mai tsawon namu. Kan zai yi nauyi a kwana, babur ya fi son miƙewa, nauyin da ke kan tayar gaba ya ragu. Ga mai bin yashi, irin hanyoyin ƙauyukan Dakoro da Mayahi ko gangaren gulbi, ɗan wannan yana taimako, tayar ba ta saurin nitsewa ta murɗe. Milimita 10 zuwa 15 sun isa. Abin da ake gani a gari na 50 har 70 kuwa ado ne da ake biya da birki: tayar da ba ta da nauyi a kanta tana saurin zamewa a kwaltar da yashi ya hau, kuma sandar da aka tsawaita ta fi saurin lanƙwashewa daidai ƙarƙashin ƙarfen wuya na ƙasa, inda duk ƙarfin birki ke taruwa.

Yadda ake ɗagawar ya danganta da ƙirar wuya. Inda ƙarfen sama ke matse sanda da noti a gefe, ana iya zame sandar, amma kada bakinta ya nutse ƙasa da fuskar ƙarfen, dole ya kama ta gaba ɗaya. A ƙirar babur ɗin Honda CG da 'ya'yanta, murfin ne ke ratsa ƙarfen sama ya shiga sanda, babu zamewa, sai ƙari mai zare da ake ɗaurawa a gurbin murfi. In za a sa, ya zama ƙarfe ɗaya da aka fafe a injin, zarensa ya shiga aƙalla yadda na asali ya shiga, da zoben robarsa, ya kuma danne sifirin daidai inda murfin asali ke danne shi. Mahaɗin ya tsaya tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa. Ƙarin da aka yi da walda ban yarda a ɗora ɗan mutum a kansa ba. Hanya mafi sauƙi ma ita ce taya: daga 2.75 zuwa 3.00 ana samun wajen milimita 6, daga wili 17 zuwa 18 wajen 13, in madigadi ya bari, sai dai agogon gudu zai riƙa faɗin ƙasa da gaskiya.

Bayan kowace ɗagawa, taya na sama, a juya kai har ƙarshe hagu da dama a duba wayar birki ko tiyonsa da wayar agogo. Wayar birkin da ta ɗame tana iya kama birki da kanta lokacin da ƙafar ta miƙe a kan tudu. Sitan na gefe zai sa babur ya ƙara kwanciya, na tsakiya kuma ya kasa ɗaga tayar baya. Fitila ma a sunkuyar da ita, kada a riƙa kashe wa masu tahowa ido a hanyar Ɗan Isa da dare.

Masu son a rage tsawo, gajeru da mata masu tuƙi, a fara da soson kujera. Rage milimita 20 ko 30 a nan ba ya taɓa tuƙi. In sai an sauke gaba, a zamo sandunan sama da milimita 10, a cire murafu a nutsar da ƙafar har ƙarshe a ga madigadi bai taɓa ƙarfen wuya ko salansa ba. Yanke sifirin yana sa shi tauri ne, ya kuma cinye tafiya.

Ɗauko gaban wani babur a ɗora wa wani yana yiwuwa, in kaurin sanda, da tazarar ƙafa biyu, da kaurin aksil, da tsawon wuya, da mazaunin birki duk sun zo ɗaya. A ɗauko shi da ƙarafan wuyansa gaba ɗaya ya fi a fafe rami ko a cusa gwangwani don sanda ta zauna.

Wajen haɗawa, sandunan biyu su tsaya tsayi ɗaya, da rula. A ɗaure na wuya, a zura aksil; ya kamata ya shige da turin hannu, in sai da guduma to ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. A ɗaure notin aksil, a bar notin matsewa na gindin ƙafa a sake in akwai shi, a sauke babur, a kama birki a danna gaban sau biyar ko shida don ƙafafun su nemi mazauninsu, sannan a ɗaure shi. Notin matsewa mai kaurin milimita 8 ba ya son a sa wa sifana bututu a hau. In an wuce kima yana matse sandar ko ya tsinke zaren alminiyum. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta awon da aka samu a bangon littafin babur, a mayar da zaren roba ƙasa, a sake duba notocin bayan kwana biyu na aiki.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran babura,
Unguwar Zariya, Maradi.